Wasiƙar da Ta Amsa Kanta

Ƙarfe tara na safe, ana ɗan yayyafi, ina zaune a rumfata ina facin taya, sai ga masinjan ofishin manya ya jingine kekensa, ya miƙo mini ambulan mai hatimi har biyu.

"Amsar kukanku ce," in ji shi.

Bari in ɗan koma baya, jama'a. Kwalbatin bakin layinmu ya toshe tun bara. Da an yi ruwa sai ya juyo ya shige ɗakin Gwaggo, ƙanwar babana, wadda da keken ɗinki take ci. Ƙafafun keken har sun yi tsatsa. 'Yan layi suka ce ni zan rubuta wa Mai Girma, tunda ni ne nake ɗan ɓata takarda a wannan shafi. Ni kuwa a aji shida na tsaya, sai na ji tsoron kada a raina mu. Kwana uku na yi ina bin rediyo, ina tsintar kalmomin manya. Ga abin da na haɗa:

"Bisa la'akari da ƙalubalen da ke tattare da magudanar ruwa, akwai buƙatar masu ruwa da tsaki su duba yiwuwar ɗaukar matakan da suka dace a lokacin da ya dace."

Na karanta wa Gwaggo ina ɗaga murya. Ta zare allura daga bakinta.

"Ɗan nan, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Maganar ɗakinki ce."

"To ina ɗakin? Ban ji ni a ciki ba. Kai ma ban ji ka ba."

Maƙwabcina wanzami ya leƙo. "Masu ruwa da tsaki? Ai mu ne. Ruwa a ɗaki, tsaki a baki."

Duk da haka na kai wasiƙar ofis, don ni ta burge ni.

Yanzu da na buɗe ambulan, me zan gani? Wasiƙata ce, ba a taɓa ko wasali ba, sai hatimi da sa hannu a ƙasa.

"Malam, ai wannan tawa ce."

Masinja ya sosa ƙeya. "Akawu ne ya tsince ta a kan tebur. Da ya karanta, sai ya ɗauka amsar da aka shirya wa Mai Girma ce. Mai Girma kuma ya sa hannu. Har ya yaba, wai ya daɗe bai yi magana mai ma'ana haka ba."

Tsakani da Allah, a jinjina wa wannan ofis. Ina kuka taɓa jin an amsa wa talaka cikin sati biyu, kuma ba a yi asarar ko ɗigon tawada ba?

Gwaggo ta fito tana tattare zani saboda ruwa. Ta ce, "Rubuta yadda kake nuna wa mai keke inda tayarsa ta huje."

Na juya bayan takardar, na ɗora a gwiwa:

"Ranka ya daɗe, kwalbatinmu ya toshe. Ruwa yana kai wa gwaggona idon sawu. A haka take taka keke, kuma ta fara tari. Mutum biyu da shebur sun isa. Don Allah a zo kafin ruwa na gaba."

Ashe kalmomin nan suna bakina tun tuni, ni ne nake jin kunyarsu.

Masinja ya karanta a hankali. "Wannan ba za su gane ta ba," ya ce. "Babu kwamiti a ciki." Ya dubi ƙafafun Gwaggo. Maimakon jakar ofis, sai ya ninke ta ya sa a aljihun rigarsa.

Ranar Asabar da hantsi ya dawo, babu kakin aiki, shebur a ɗaure a bayan keke. Wanzami ya ajiye aska ya kama masa. Kafin azahar ruwan ya kama hanyarsa, Gwaggo tana ta faɗa wai sun watsa mata taɓo a shanya.

Mai Girma dai, na ji a rediyo, yana nan yana duba yiwuwar. Allah ya ƙara wa idonsa lafiya.

Suna cikin haƙa na lura tayar bayan keken masinja tana sacewa, sai na cire ta na liƙe. Da zai tafi ya latsa ta da yatsa, ya ɗan tsaya, ya hau ya wuce abinsa.