Bencina Yana Waje, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Ƙawata Gefen Titi, Allah ya ƙara girma, ya ƙara wa ma'aikatanka ƙarfin ido.

Bayan gaisuwa irin ta talakan da ya san matsayinsa, ni ne kafintan nan da ke tsakanin tashar mota da asibiti. Na rubuto ne in kai ƙarar kaina, tunda yau kwana tara ina karya dokarka da rana tsaka, amma ko kallo ban ishi ma'aikatanka ba.

Dokar da nake nufi ita ce wadda kuka kafa wata uku da suka wuce, cewa kada a ajiye benci ko kujera a gefen titi, wai yana ɓata wa gari kyau. To, ranka ya daɗe, bencina yana waje. Ga koke-kokena.

Na ɗaya, an raina ni. Ranar farko na yi wanka, na sa rigar fita, na haɗa 'yar jaka da buroshi da maganin hawan jini, na haddace jawabin da zan yi wa jama'a sa'ad da ake tura ni cikin mota. Motarku ta wuce sau biyu. Karon farko sai ga ni a bayan wata ƙatuwar durowa, wai ina duba ƙusa. Karo na biyu na daure na tsaya, direban ya ɗago mini hannu ya wuce. Fisabilillahi haka ake yi wa ɗan gwagwarmaya?

Na biyu, kuma wannan ina roƙon kada ya shiga fayil: ba ni na fitar da bencin ba. Mako biyu na kwashe ina yi wa maiɗakina lacca a kan bambancin doka mai adalci da marar adalci, tana wanke-wanke tana jin ikon Allah. Rannan ta tsame hannu, ta zo shago, ta jawo bencin ita kaɗai har bakin titi, ta ce in hau kai in ƙarasa laccar. Duk da haka in za a kama, ni za a kama. Ina da mutunci a unguwa.

Na uku, kada ka ɗauka kowace doka nake wa taurin kai. Dokarku ta hana zuba shara a kwata doka ce mai kyau, domin duk ruwan da aka yi a shagon tela maƙwabcina yake ƙarewa. Ita ma na sha karya ta. Garin katako nake juyewa da sassafe, ina waige-waige, in tela ya fito in taya shi tsine wa masu yi. Na daina tun shekaranjiya, Allah ya yafe mini. Amma a nan na gano abin da laccata ba ta gano ba. Dokar kwata, in na karya ta nake jin kunya. Dokar benci kuwa, da na bi ta ne kunya ta kama ni.

Ga dalili, shi ne na huɗu. Daga tasha zuwa asibiti hawa ne, kuma babu ko dutsen da mutum zai ɗosana. Ka taɓa hawansa da ƙafa, ranka ya daɗe? Masu ciki da tsofaffi a bencin nan suke mayar da numfashi. Mahaifiyata ma duk Talata a nan take yada zango in za ta a duba mata ƙafa. Ranar da takardar dokarku ta iso tana zaune a kai. Ni ɗanta, da furfurata da komai, na ce ta tashi kada a gan mu. Ta miƙe ta dafa bango, ni kuma na shigar da benci ina jin kaina ɗan ƙasa nagari. Tun daga ranar ba ta sake zuwa asibiti ba, wai ƙafar ta warke. Ba ta warke ba. Ta kumbura har takalmi ba ya shiga.

Gobe Talata. Da ƙyar maiɗakina ta shawo kan tsohuwar, za ta zo da ƙarfe tara. Ina gayyatarku da dukkan ladabi. Duk hukuncin da doka ta tanada zan karɓa, ko da kuka ne. Sai dai in za a ɗauke bencin, a turo ma'aikacin da zai iya duban tsohuwar nan ya ce mata ta tashi. Ni dai bakina ba zai sake faɗa ba.

Naka mai biyayya a komai, ban da wannan,

Kafintan Hanyar Asibiti