Dasashin da Ya Zo Na Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kwatanta Makaman Haƙoran Roba,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana tauna abincinka lafiya, ni ne dattijon nan da kuka dasa wa turaku biyu na ƙarfe a muƙamuƙin ƙasa, don a gano wace makama ce ta fi riƙe haƙoran roba ba tare da ta ɓata dasashi ba. Mu uku aka ɗauka a layinmu. Ƙuri'a ta ba Tela makama mai maɓalli, ta ba Direba mai sanda, ni kuma mai maganaɗisu. An ce rahotonku ya kusa fita, dasashina ne ya zo na ɗaya, kuma mai ɗakina, wadda ke jiran nata dashen, irin nawa za a sa mata. Ina taya ku murna, sai 'yan ƙorafe-ƙorafe.

Na farko, maganaɗisun nan akwai ladabi. Bai taɓa gardama da abinci ba. In na ciji nama ta gefe, sai ya saki haƙoran, su bi naman su fita. A wane shafi na rahoton aka rubuta wannan kyawun hali?

Na biyu, Direba. Sandarsa ta riƙe gam, ƙashi ma ba ya bari. Amma duk abin da ya ci sai wani abu ya laɓe ƙarƙashinta, dasashin ya kumbura ya yi ja. Kun rage masa maki. Kullum da yamma yana zama a ƙofar gida da ɗan burushinsa, yana sakace yana yi mini dariya, wai shi ya faɗi jarrabawa da cikakken ciki.

Na uku, Tela. Robar maɓallinsa ta sassauta, in yana magana sai ka ji ƙas-ƙas, har matarsa tana cewa ta kasa gane ko keken ɗinki ne ko maigida. Duk da haka yana cin gyaɗa a gabana, ba kunya.

Na huɗu, ma'aikatanku, Allah ya saka musu. Sun auna dasashina da tsinken awo, sun ɗauki hotonsa, sun kira ɗalibai su zo su ga kyau. Ba wanda ya tambaye ni me na ci jiya. Da sun tambaya, da na gaya musu haƙoran a kofi suke kwana, a kofi suke yini. Ranar zuwa asibiti nake sa su, kamar takalmin fita. Dasashin da ba ya aiki, me zai kumbura shi? Ranka ya daɗe, kofin ya kamata ku auna.

Ban ce maganaɗisu bai yi wa kowa rana ba. Nawa na sani. Roƙona kawai, kafin a taɓa bakin mai ɗakina a tambaye ta me take son ci. Ita mai son nama ce, kuma ba ta da haƙurina. In haƙoranta suka bi tsoka suka faɗa faranti a gaban surukai, ba kwamiti za ta nema ba. Ni ne a kusa.

Naka mai biyayya, da baki a buɗe duk lokacin da aka umarta,

Tsohon mai gyaran rubutu a gidan jarida,
Mai riƙe da kambun dasashi