Famfon Layinmu Ya Shiga Fim

Yau da safe santsi ya kwashe ni a ƙofar gida, na faɗi tim cikin taɓo, na tashi ina murna. Shekara bakwai rabon layinmu da taɓon da ba na damina ba.

Wani mai shirya fim ne ya zo neman inda zai ɗauki labarin yarinyar da ke doguwar tafiya kullum neman ruwa, a wata ƙasa da ko tari ka yi sai an tambaye ka da wa kake. Ya dubi busasshen famfonmu, ya ce nan ma ba sai an yi wa wurin komai ba. Ya zaɓi autata, 'yar shekara tara, don ya ga ta iya ɗaukar jarka.

Labari ya kai kunnen Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara masa hutu. Kafin a kafa kyamara sai ga ma'aikata. Famfo ya yi gurnani, ya kawo ruwa. Wai kada baƙi su kalli fim su zaci muna da matsala.

Dole mai fim ya riƙa lulluɓe famfon da buhu in za a ɗauka.

Tela maƙwabcina ya ja ni gefe. "Malam, kwana nawa za su yi?"

"Biyar."

"In sun tafi fa?"

"Ruwan ya bi su."

Ashe auta tana jinmu. Yarinyar da ke haddace karatu a zama ɗaya, daga ranar mantuwa ta kama ta. Maganarta a fim ba ta wuce "Inna, yau ma babu" ba, amma in ba dariya ba, atishawa. Yau kwana goma sha tara. Mai fim ya rame, matan layi kuwa har labule sun wanke.

Jiya na ce, "Auta, ki ji tausayin bawan Allahn nan mana."

Ta ce, "Baba, wuyana ya daina ciwo."

Kunya ta rufe ni. Shekara bakwai ina rubuta koke, ko ɗigo ban samo mata ba.

Ranka ya daɗe Uban Ayyuka, in wannan rubutu ya iso teburinka, yarinyar ba ta da kai ne kawai. In kuma akwai mai neman layin da babu wuta don wani fim, 'yar tela ma haddarta sai a hankali.