Janar Ya Kama Sawu

Duk wanda ya ce ƙasar Gummi ba ta haifi gwani ba, to bai taɓa zama da Alhaji Abdulmutallib Wali ba. Tsohon mataimakin darakta ne a ofishin gandun daji, inda ya tsare namun dawa da alƙalami har ya yi ritaya, ƙaya ba ta taɓa kama rigarsa ba. Masoya suna kiransa Zakin Fadama. Shi ya raɗa wa kansa sunan, su kuma suka taimaka da amsawa.

Daga Kaduna ya sayo kare mai gashi buzu-buzu, ya sa masa suna Janar. Ana yi wa Janar wanka da sabulu mai ƙamshi, ana goge masa haƙora, ba ya cin ƙanzo. Kullum bayan la'asar Alhaji yakan sa malafa, ya rataya tabarau na hangen nesa, ya ja sarƙar Janar ya fice daga gari. Sai magariba yake dawowa, ya buɗe wa majalisa darasi.

"Yau mun ga sawun gwanki," in ji shi. "Mun ta da fakara, Janar ya kori guza har rami. Ku da ba ku yi karatun abin ba, daji ciyawa ce kawai a wurinku."

Babu wanda ya ga gwanki a yankin tun zamanin kakanni, amma wa zai musa wa darakta?

Da Sarkin Dawa ya rasu, Alhaji ya nemi rawanin. Abokin takararsa Tsoho ne, maharbi mai karnuka ramammu. Hakimi ya yanke cewa a fita farauta a fadama, wanda karensa ya fara ta da nama shi za a naɗa. Alhaji ya riga ya ɗinka alkyabba.

Ranar farauta ya yi jawabi kan jinin Janar da asalin kakanninsa, sannan ya kwance sarƙa. Janar ya shaƙi iska, ya juya wa fadama baya, ya zura da gudu.

"Ya kama sawu!" in ji Alhaji. "Ku biyo ilimi!"

Jama'a suka bi, har da dokin hakimi. Aka ƙetare gonar shinkafa, aka hau kwalta. A nan muryar Alhaji ta canja.

"Janar! Dawo nan! Ranka ya daɗe, a koma, iska ce ta ruɗe shi."

Janar bai tsaya ba sai bayan tashar motocin zuwa Bukkuyum, gaban tukubar Makau mai tsire. Ya zauna, ya miƙa ƙafa ɗaya cikin ladabi.

Makau ya ga taro, ya yi murna, ya durƙusa ya gaida hakimi.

"Ranka shi daɗe, ai wanga kare ɗan gida ne. Kullum nan shi da Alhaji ka hira har a kira magariba. Alhaji, yau kun yi sammako, ko wuta ban hura ba! Ga tabarmarka can ƙarƙashin dalbejiya. A sa hanta, ko dai ƙoda irin ta jiya?"

Can daga fadama aka jiyo haushin karnukan Tsoho, sun ta da zomo.

Hakimi ya dubi Zakin Fadama, ya yaba masa ƙwarai. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin maharbin da namansa ke zuwa da yaji ba.