Rigar Baba a Magama

Tun daga tashar Katsina nake yi wa fasinjoji wa'azi kan ɓarayin cikin mota. Ni da na yi zaman Legas, wa zai nuna mani birni? Jakata na rungume a ƙirji, cikinta babbar rigar marigayi Babanmu ce, wadda ya yi wasiyya a kai wa ƙaninsa a Maraɗi.

Wani dattijo mai furfura a gefena sai gyaɗa kai yake: "Gaskiyarka, Alhaji, duniya ta lalace."

Da aka sauke mu a Magama ta Jibiya, bakin iyaka, don bincike, la'asar ta yi. Dattijon ya miƙo mani jakarsa. "Riƙe mani in yi salla, da kai kaɗai na yarda." Kaina ya kumbura. Da ya idar, na ba shi tawa, na kabbara.

Na sallame, babu shi babu dalilinsa. Tsummokara ne fal a jakar da ya bari.

Da na isa Maraɗi babu rigar, Baffa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da dai na shinshina ta ko sau ɗaya."

Har yau direbobin Jibiya na hango ni sai su ce, "Ɗan Legas, kawo mu riƙe maka ka yi salla!" Nakan taya su dariya. Ba su san abin da ke cikin jakar tawa ba.