Ranar da Na Ba Ɓarauniyar Landan Kuɗin Mota

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ni kuma ina sabon malamin tarihi a wata sakandaren 'yan mata da ke Mandawari, kaina ya fi ƙarfin hulata. Abin da ya kumbura ni kuwa bai wuce na iya shiga intanet ba.

A ofishinmu akwai Malam Inuwa, dattijon da ya daɗe yana koyar da tarihi daga wani littafin rubutu da ya yi ja don tsufa. Na raina shi ƙwarai. Da ya buɗe littafin nan sai in yi tsaki (a zuci fa, rashin kunyata bai kai ga yi a fili ba).

Sai aka ce mai duba malamai za ta zo daga ma'aikata, kuma rahotonta ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a ƙara mini shekarar gwaji. Darasin makon shi ne laifi da hukunci a zamanin da. Malam Inuwa ya miƙo mini littafinsa ya ce, "Duba nan, ko za ka ƙaru da wani abu."

Na ce, "A bar shi, Baba. Mu yanzu daga tushe muke ɗebowa."

Kwana uku ina sintiri a wani shagon intanet a Ƙofar Nassarawa, inda za ka danna shafi, ka je ka yi la'asar ka dawo bai gama buɗewa ba. A ƙarshe na faɗa kan bayanan shari'o'in wata kotu a Landan, na wajen shekara ɗari uku da suka wuce, yadda aka rubuta su tun a lokacin. Na zaɓi shari'ar wata 'yar aiki da ta sace zanin gado da cokula a gidan uwar ɗakinta. An rubuta hukuncinta da kalma ɗaya tak: transportation. Na ce ai wannan ko ɗan firamare ya san ta. Ban ko kalli ƙamus ba.

Ranar Laraba na sha guga. Hajiya mai duba malamai ta zauna a bayan aji, Malam Inuwa na gefenta. Na ɗaga takardar da na buga kamar wanda ya ciwo kofi, na karanta da Turancin da ni kaina ban san ina da shi ba, sannan na fassara: "Alƙali ya yanke hukunci a ba ta abin hawa a mai da ita gida."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ina! Zamanin kowa na maganar 'yanci ne, sai na hau wa'azi. Na ce, "Kun ji mutanen da suka san darajar ɗan Adam? Mu nan a kama ɓarawo a kasuwa, kafin 'yan sanda su iso an farfasa masa kai. Can kuwa har kuɗin mota ake ba shi!" Ɗalibai suka duƙufa suna rubutawa.

Hajiya ta sauke tabarau ta ce, "Malam, wace tasha aka kai ta?"

Na yi dariya, don na ɗauka yabo ne. Ta karɓi takardar ta duba, ta juya ta ce, "Malam Inuwa, taimaki ɗanka."

Dattijon ya miƙe a hankali, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Yara, korar ta aka yi daga ƙasar. Masu irin hukuncinta ana sa musu mari a ƙafa, a zuba su a jirgin ruwa, a ƙetare teku da su, su yi shekaru suna bauta a gonakin wasu. Wasu a hanya suke mutuwa. Kaɗan ne ke sake ganin gida."

Gumi ya bi bayana har cikin takalmi. Can wata daga layin gaba ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, mu goge kuɗin motar?" Nan fa dariya ta ɓarke, har Hajiya sai da ta rufe baki da gyale.

An ƙara mini shekarar gwajin, kuma wallahi ba a zalunce ni ba. Har yau tsofaffin ɗalibaina, wasu da 'ya'yansu a goye, in suka gan ni a bakin titi ina jiran abin hawa sai su rage tafiya su ce, "Malam, a ba ka transportation?"

Abin da na koya shi ne, intanet za ta iya miƙo maka takardar da ta girmi kakanka, amma ba ta haɗo maka da hankalin karanta ta. Jahili kuma in ya samu hujja a hannu, sai ya fi da ƙarfin murya.