Zanar da Na Kewaye Pano da Ita

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kai ƙarar ƙanen matata gaban mahaifinsa ba.

Gara in faɗa tun yanzu, ni mutum ne mai zargi. Muna da tsofaffin pano huɗu, wato faifan sola, bisa ɗaki, yayana ya aiko da su daga Abijan shekaru da dama. Da rana suna ba mu wuta, rana na faɗuwa kowa ya nemi mafici. Da matata Rabi ta ce tana son fara sayar da ƙanƙara da abin shan nan lamurje, sai muka yanke a ƙara batir don firigo ya riƙa kwana da sanyi. Ƙanenta Illa bai daɗe da buɗe shagon wannan aiki ba, shi muka kira. Ni na sayo sababbin batiran, kafin ya iso na ɗauki ƙusa na yi wa kowane batir alama a ƙasa (kada ku tambaye ni dalili, hali ne).

Illa ya haɗa komai ya tafi. Sai wani tunani ya taso mini: unguwa duka ta ga an sauke batir daga amalanke, yanzu idon ɓarayi zai koma saman ɗakina. Washegari da Rabi ta fita unguwa na hau na kewaye pano da dogayen zana, na kuma shimfiɗa wata a sama saboda maƙwabcina mai bene. Ban gaya wa kowa ba, na sauko ina jin kaina mai dabara.

Kwana uku batir bai cika ba. Firigo ya yi shiru, lamurjen Rabi ya yi tsami. Nan take na gano mai laifi: Illa ya musanya mini sababbi da tsofaffi. Na kifa batir, ga alamata nan daram. Mai hankali da nan ya tsaya, ni kuwa na ce ai ganin alamar ya yi ya kwaikwaya. Na kai zancen fada wurin shan shayi, har mutum biyu da suka yi niyyar ba shi aiki suka fasa.

Ran Lahadi surukina ya zo cin kasuwa daga Bambeye, ya biyo ta gidanmu. Na durƙusa na gaishe shi, na sa aka kira Illa, da ya iso na soma:

"Baba, ba ni son yawan magana, amma batiran ga ba su na saye ba."

Illa ya nufi wurin batiran. Ya fiddo na'urarsa ya auna, ya dube ni. "Yaya, batir lahiya lau shike, yunwa shika ji. Ina tsani?"

Ko a lokacin ban tuna da zana ba, wallahi. Sai da ya hau ɗaki na ga ta farko ta faɗo tsakar gida, ta biyu ta biyo ta, sannan na tuna. Guda biyar ya jefo, yana ƙirgawa da ƙarfi.

Tsohon ya dubi tulin zana. "Wa yaɗ ɗaura wagga?"

Na so in ce iska ce, amma iska ba ta ƙulla igiya. Rabi na tsaye bakin madafa ta zuba mini ido.

"Ni na, Baba. Don ɓarayi."

"To madalla. Ɓarayi ba su gani ba, rana ma ba ta gani ba."

Illa na bisa ɗaki yana dariya har da riƙe ciki. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga shi gaban suruki ba a tashi a gudu. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Inda ka ɓata mishi suna, can za ka gyara shi."

Da la'asar na je fada na ba da labarin da bakina, tun daga ƙusa har zana. Mutanen nan biyu sun koma wa Illa, ni kuma aka sa mini suna Mai Ɓoye Rana, har limamin unguwa da shi yake kira na.

Zargi dai ban daina ba, ƙarya zan yi in ce na daina. Sai dai yanzu idan abu ya lalace a gida, wanda nake fara tuhuma shi ne mijin Rabi, kuma sau da yawa shi ɗin ne.